Likita Mila da Yaran Gidansa

Karatu: Karin Magana 22:6

Ɗan'uwa, ka san Likita Walter Mila? Baturen Ingila ne, yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932. Ya zauna Zariya daga 1905, ya tara yara a gidansa yana koya musu karatu da tsoron Allah. Makarantar ta koma Wusasa a 1929, a can Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya yi karatu. Mila ya rasu a 1952.

Manomin rani a Kura ya san sai an reni iri kafin dashe. Wa ke renon matasan ikilisiyarka? Ka jawo ɗaya a jiki tun yau.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni zuciyar renon matasa, cikin sunan Yesu. Amin.