Kanta na Kabi: Mutumin Da Ya Nemi Rabonsa Daga Hannun Askiya

Masu wasan karta sun san lokacin da ɗan caca ke tura dukan abin da ke gabansa a hannu ɗaya, ko ya kwashe ko ya tashi tsiya. Wani ganganci ke ingiza shi, wani kuwa sai ya auna abokin karawarsa tukuna. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a kwarin Rima, yana cikin kashi na biyu.

Wajen shekarar 1516 ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas. Da aka dawo, ganima ba ta iso shi ba. Littafin Tarikh al-Sudan ya nuna cewa ya tuntuɓi Dendi-fari, babban hakimin Askiya a gabas, shi kuwa ya gargaɗe shi cewa neman rabo daidai yake da tawaye. Kanta ya yi shiru.

Wannan shirun ne ya kamata a duba da kyau. A wancan zamani babu daular da ta kai Songhai ƙarfi a yammacin ƙasar Sudan, kuma wanda ya ja da ita ya faɗi, ba sarauta kaɗai zai rasa ba, har da kansa. Bai motsa ba sai da jarumansa suka zo da kansu suna tambayar rabonsu, suka kuma yarda su tsaya tare da shi. Sa'an nan aka sake nema, aka sake hanawa, aka gwabza. Rundunar da Askiya ya aiko daga baya ta koma ba nasara, haka ma Askiya Muhammadu Bunkan ya sha kashi a Wantaramasa. Fadamun Rima da ganuwar duwatsu ta Surame sun taimaka masa ƙwarai.

Ƙarshensa ma a hanyar yaƙi ya zo. Bayan Barno ta kawo wa Surame hari, ya bi sawunta har Nguru. A kan hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka kawo gawarsa Surame.

Zuriyarsa ta mai da gadon sarauta Birnin Kabi, kuma bayan garin ya faɗa hannun masu jihadi a 1805 ta zauna Argungu, inda gidan tarihin garin ke ɗauke da sunansa.