Lesiya Ukrainka, marubuciyar ƙasar Ukren

An haifi Lesiya Ukrainka a shekarar 1871 a ƙasar Ukren, cikin nahiyar Turai. Sunanta na yanka Larisa Kosac. Uwarta marubuciya ce. A gida Lesiya ta yi karatu, ta koyi harsuna da yawa, har da Faransanci da Jamusanci.

Tana da shekara 9 ta rubuta waƙarta ta farko. Ba a jima ba, ciwon tarin fuka ya kama mata ƙashi. Ta sha zuwa ƙasashe masu zafi neman lafiya, har Masar.

A lokacin, garinsu yana ƙarƙashin sarkin Rasha, wanda ya hana buga littattafai da harshen Ukren. Amma Lesiya ba ta bar harshen uwarta ba. A shekarar 1893 aka buga littafin waƙoƙinta na farko a birnin Lviv, inda dokar ba ta kai ba.

Ta rubuta wasannin kwaikwayo, inda mata suke da ƙarfin zuciya. A cikin "Kasandra", wata mace tana faɗin gaskiya, amma ba mai saurarenta. A shekarar 1911 ta rubuta "Waƙar Daji". An fassara wasannin nan zuwa Turanci da wasu harsuna.

Ta rasu a shekarar 1913 a ƙasar Jojiya, tana da shekara 42. An sa hotonta a takardar kuɗin Ukren.

Tambayoyi
1. Me ya kai Lesiya Masar?
2. Don me aka buga littafinta a Lviv?