TARIHIN BABBAN GWANI, MAGININ MASALLACIN ZARIYA

Idan aka ambaci injiniya a yau, abin da ke fara zuwa a zuciyar yaranmu shi ne mutum mai hular kwano, riƙe da takardar zane, yana kewaya ginin siminti. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa ƙasar Hausa ta yi wani magini a ƙarni na 19 wanda masana gine-gine na duniya suke nazarin aikinsa har gobe. Wannan bawan Allah shi ne Babban Gwani na Zariya. Wasu littattafai suna kiransa Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu, amma laƙabinsa ya shahara har ya danne sunan yanka. Ya dace mu 'yan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara mu san tarihinsa, domin Zariya ba ta da nisa da mu, kuma ƙarshen labarinsa a maƙwabtanmu ya faru.

Zamaninsa

Babban Gwani ya yi tashe ne bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a shekarar 1804. A 1808 Malam Musa ya karɓi Zazzau, sauran manyan garuruwa kuma suka shiga hannun masu tuta. Sababbin sarakunan nan malamai ne, saboda haka suna bukatar manyan masallatan Juma'a da ɗakunan shari'a da zauruka inda jama'a za su taru. Wannan bukata ita ce ta buɗe wa magina ƙofar nuna gwanintarsu.

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma shi ne tushen gidan Katsinawa a sarautar Zazzau, aka ɗora wa Babban Gwani aikin gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, kusa da fadar Sarki. Ginin ya ƙunshi babban ɗakin salla, da ɗakin shari'a, da zaurukan shiga inda ake alwala, da katangar da ta kewaye harabar.

Matsalar da ya warware

Domin a gane girman aikinsa, sai an fara sanin kayan da ke hannunsa. Ba shi da siminti, ba shi da rodi, ba shi da dogayen katakai irin na kurmi. Abin da yake da shi ƙasa ce da ake kwaɓawa da ciyawa a yi tubali, sai azara da ake tsagowa daga gangar jikin giginya, sai igiya. Azara tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cinta ba, amma tana da iyaka: idan aka shimfiɗa ta tsakanin bango da bango aka ɗora mata ƙasa, ba ta iya ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu-sahun masallata da itacen da bai fi tsawon mutum da kaɗan ba?

Amsar ita ce bakan gizo. Magini yakan dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wani sahun azara a kan na farko, ya zarce shi kaɗan, ya ƙara karkatowa. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu, gaɓa bayan gaɓa, har ƙafafun su haɗu a tsakiya a sama, a ɗaure su da azarar da ta ratsa su. Ba a kafa wani katako a ƙasa don ya tallafe ginin yayin da ake yi. Kowace gaɓa ita ke riƙe da kanta har ta ɗauki ta gaba. Idan aka gicciya irin waɗannan bakuna a ɗaki ɗaya, sai su raba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda gajeriyar azara za ta iya rufewa. Wannan shi ne ɗaurin guga, sunan da aka aro daga yadda ake gicciya itace a bakin gugar rijiya. Daga waje kuma sai a ga rufin ya yi tulluwa, ruwan sama yana gangarewa zuwa indararo.

Hikimar da ke ciki ita ce, ƙasa tana jure nauyin da ya danne ta, amma ba ta jure ja. Azara kuwa tana jure ja da lanƙwasa. Da aka haɗa su, sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wannan ita ce ƙa'idar da ake bi a yau idan aka saka rodi a cikin kankare, dabarar da wani Bafaranshe mai aikin lambu, Joseph Monier, ya yi wa rajista a 1867, wato bayan masallacin Zariya ya shekara ashirin da ɗoriya a tsaye.

Babban Gwani ya tarar da magina suna ɗaura baka tun kafin zamaninsa. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yadda ya kai dabarar matuƙa. Ya tsara manyan ginshiƙai a cikin masallacin, ya fitar da bakuna daga kowannensu zuwa sassa daban-daban, ya auna kaurin gindin bango da tsawon rufi yadda nauyi zai sauka ƙasa daidai. Ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai zurfi wanda aka fitar tun ƙasar tana ɗanya. A waje, magina na kare irin wannan gini daga damina da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Sunansa ya kai garuruwa masu nisa. Ana danganta masa ayyuka a fadar Kano da ta Bauchi. A Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauchi, akwai soron da ya gina wa Madakin Bauchi wajen 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu. Har yau sunan soron Babban Gwani, kuma a 1956 gwamnati ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

Mutanen zamaninsa sun yi mamakin aikinsa har suka riƙa cewa da dare yake gini, aljanu na miƙa masa tubali. Wannan magana yabo ce a fuska, amma ta tauye masa haƙƙi, domin ta mayar da lissafi da gwaji da haƙurin shekaru tamkar tsafi, abin da ba a koyo kuma ba a koyarwa.

Game da rasuwarsa, ruwayar da ta fi yaɗuwa a bakin mutane ita ce, aikinsa na ƙarshe a Birnin Gwari ya yi shi, ƙasar da ke iyaka da Sabuwa, kuma da ya gama sai mai sarautar garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani sarki abin da ya fi nasa. Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a Zariya, ta riƙe sarautar magina, kuma akwai unguwa a cikin birni da ake kira Babban Gwani.

Abin da ya rage

A tsakiyar shekarun 1970 aka sabunta masallacin Zariya, aka rushe wasu sassa, aka killace abin da ya rage na tsohon ginin a cikin sabon gini na siminti. Abin da ya ceci siffarsa ta asali shi ne awo da zanen da masana suka yi kafin lokacin, musamman wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Da irin wannan awo aka gina kwafin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990, bayan rasuwarsa.

A nan akwai abin lura. Injiniyan nan Musulmi, Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a Diyar Bakr ta ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafi a 1206 inda ya zana na'urori 50, har da agogunan ruwa da injunan ɗaga ruwa, ya bayyana yadda ake haɗa kowace. Saboda haka bayan shekara 800 ana iya sake ƙera su. Ilimin Babban Gwani kuwa a hannu da ido ya zauna, daga uba zuwa ɗa, sai da baƙo ya zo daga Turai da ma'auni kafin ya shiga takarda.

Kira ga 'yan'uwa

Jama'a, wannan hali shi ne muke ciki a gida. A Faskari da Daudawa da Mairuwa da 'Yankara akwai tsofaffin zauruka na ƙasa, akwai dattawan da suka san yadda ake zaɓen giginya da ɗaura baka. Bulo da kwano sun karɓe kasuwarsu, rashin tsaro kuma ya tashi ƙauyuka da dama, gidan ƙasa kuwa idan ya rasa mai yaɓe, damina kaɗan ke kai shi ƙasa. Duk dattijon da ya rasu a cikinsu, da iliminsa ake binne shi.

Muna da 'ya'ya masu karatun gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Ba abu ne mai tsada ba ƙungiya ta tura su lokacin hutu su zauna gaban waɗannan dattawa, su auna zaurukan da suka rage, su ɗauki hoto, su rubuta sunan kowane sashe da yadda ake yinsa, a adana. Mu kuma mazauna birane, idan za mu yi gini a gida, mu bar wa maginin gargajiya ko da zaure ɗaya, mu biya shi haƙƙinsa da mutunci, domin yaro ba ya koyon sana'ar da ya ga ana raina mai ita. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan Babban Gwani da sauran magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a sana'ar 'ya'yanmu. Amin.