Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, malamin da ya gaji ya bar runduna, alƙalami ya komo da shi

A cikin manyan malaman da suka tashi a ƙasar Hausa, kaɗan ne suka bar rubutu mai yawa kamar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Littattafansa sun haura 100. Akwai na tafsiri, da fiƙihu, da nahawu, da sha'anin mulki, ban da waƙoƙi masu yawa. Wanda ya dubi wannan tari sai ya zaci mai shi bai taɓa sanin gajiya ba. Alhali kuwa akwai wata shekara da zuciyarsa ta gaji ƙwarai, har ya bar ɗan'uwansa da runduna, ya shiga daji ya nufi gabas. Shi da kansa ya rubuta labarin abin da ya same shi, bai ɓoye ba.

Tasowarsa

An haifi Malam Abdullahi a wajen shekarar 1766. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, a shekarar 1754. Watau Shehu ya girme shi da wajen shekara 12. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, sa'an nan da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga wansa. Daga nan ya bi malamai da yawa, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya daɗe yana karantarwa a ƙasar Agadas. Daga baya ya rubuta wani ɗan littafi, Ida'un Nusuki, ya jera sunayen malamansa da abin da ya karanta wurin kowannensu.

Tun yana saurayi aka san shi da ƙwarewa a Larabci da tsara waƙa. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara shekara da shekaru, ya zama kamar alƙalaminsa. A Zamfara ne wani malami, Mustafa Gwani, ya kawo waƙa yana neman Shehu ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya ba shi amsa. Shi kuwa ya mayar da waƙa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Kafin a fara yaƙi ya riga ya rubuta littattafai a kan ilimin tafsiri. Rayuwarsa ke nan har ya kusa shekara 40: karatu, karantarwa da rubutu.

Shekarun yaƙi

A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, saboda tsanantar gaba tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Malam Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ne kuma ya ja runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar nan, inda suka rinjayi Gobirawa. Yaƙin nan ya taɓa kowa a ƙasar Hausa. Shi ne ya fitar da sarakunan Katsina daga birninsu, suka zo suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa kuma daga baya suka zauna Tsibiri. Amma ko waɗanda suka yi nasara sun sha wuyarsa.

A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, aka kashe mutanen Shehu wajen 2,000, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Waɗannan su ne abokan karatun Malam Abdullahi, waɗanda suka zauna tabarma ɗaya da shi. Ga yunwa, ga ciwo, ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. A 1805 ya ci Birnin Kabi, jama'a ta koma Gwandu. A ƙarshen shekarar nan kuma, kafin karon Alwasa, runduna ta faɗa wa garin Kwalɗe ta washe shi, alhali mutanen garin ba abokan gaba ba ne. Malam Abdullahi ya yi ƙoƙarin hana su, suka ƙi ji. Bayan haka aka yi karon Alwasa, aka sake rasa mutane masu yawa.

Waƙoƙinsa na waɗannan shekaru, galibinsu na yaƙi ne da na makokin waɗanda suka mutu. Mutumin da ya saba kwana da littafi ya koma kwana da sirdi.

Gajiyar zuciya

A wajen 1807 aka sake shirya runduna zuwa Alkalawa. Malam Abdullahi ya fita tare da ita, amma zuciyarsa ba ta wurin. Ya dubi mutanen da ke kewaye da shi, ya ga malamai na kirki sun ƙare a fagen fama. Ya ga da yawa daga cikin waɗanda suka rage sun mai da hankali ga neman sarauta, da dawakai, da tufafi masu tsada, da ƙwaraƙwarai. Ya ga abin da aka fito dominsa yana gushewa. Abin da ya fi damunsa, bai fitar da kansa daga cikin masu laifin ba, ya ƙidaya kansa a cikinsu.

Wannan ita ce irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Jiki yana iya hawa doki, hannu yana iya riƙe alƙalami, amma mutum ya daina ganin amfanin aikinsa. Yana faɗa ba a ji, har garinsa da danginsa su fita masa a rai. Mutane da yawa in abin nan ya same su sai su yi shiru, su ci gaba da aiki da rabin zuciya har su lalace. Malam Abdullahi ya gane ciwonsa, ya kuma san sunansa.

Sai ya bar runduna, ya fuskanci gabas da nufin zuwa ƙasa mai tsarki. Mutum 5 kaɗai suka bi shi. Suka kwana 3 cikin ƙungurmin daji, ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga ko sawunsa ba, sai sawun giwaye. Dattawan Gabi da Madarunfa da suka san dajin Baban Rafi tun yana da duhunsa za su iya kwatanta abin da irin wannan tafiya take nufi. Waziri ne, ƙanen shugaba, mai runduna a hannu, ya zaɓi wannan a kan zama inda zuciyarsa ta ƙi.

Ba shi ne malami na farko da haka ta faru gare shi ba. Imamu Gazali, mai littafin Ihya'u, yana kan ganiyar ɗaukaka a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1095, sai harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shigarsa, masu magani suka ce ciwon a zuciya yake. Ya bar kujerarsa ya tafi Sham, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai 1106. A cikin wannan keɓewa ne ya rubuta Ihya'u.

A Kano

Tafiyar Malam Abdullahi ba ta yi nisa kamar ta Gazali ba. Da ya iso Kano, a farkon zamanin Sarki Sulaimanu, sai mutanen birnin suka tare shi, suka hana shi wucewa. Ya dube su ya ga abin da ya gudo dominsa yana nan a cikinsu, ya kuma gaya musu haka. Su kuwa ba su yi fushi ba. Suka roƙe shi ya karantar da su, ya kuma rubuta musu littafin da za su dogara da shi wajen shari'a da tafiyar da mulki.

Nan ne al'amari ya juya. Ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafi mai babi 5, wanda ya yi bayanin hijira, da naɗin shugaba da haƙƙoƙin da ke kansa, da naɗin wakilansa, da dokokin yaƙi, da siyasar shari'a. Ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Mutane suka saurara, suka gyara abubuwa da dama da ya yi musu magana a kai, har suka mai da itacen gangunansu abin zuba wa dawakai abinci.

Mai karatu ya lura da bambancin Kwalɗe da Kano. A Kwalɗe ya yi magana an ƙi ji. A Kano ya yi magana an ji. Abin da ya warkar da shi abu 3 ne. Ya yi nisa da wurin da ya gajiyar da shi. Ya koma aikin da ya taso a kai, watau allo da tawada da almajirai. Ya kuma sami mutane sanannu masu wata bukata sananniya, waɗanda suke jiran abin da zai rubuta. Damuwar da ta kore shi daga runduna, watau lalacewar masu mulki, ita ce ta zama jigon littafinsa. Bayan haka ya fasa tafiya gabas, ya koma wurin Shehu.

Amfanin da ya biyo baya

Alkalawa ta faɗi a 1808. Malam Abdullahi ya ci gaba da fita yaƙi ta wajen yamma, har ya ƙetare kogin Kwara, amma tun daga komowarsa alƙalami bai sake barin hannunsa ba. A 1812 Shehu ya raba tafiyar da ƙasa, ya ba shi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. A ƙarƙashin Gwandu ne ƙasashen bakin kogi irin su Sayi suka kasance daga baya. Ya zauna Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu yake. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati, ya bayyana dalilin kowace waƙa, kuma a nan ne ya ba da labarin gajiyarsa da tafiyarsa Kano. A wajen 1815 ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili.

Jarrabawa ta biyu

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Malam Abdullahi ya taho, ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Ya juya ya koma, zumunci ya yi sanyi tsakaninsa da ɗan wansa har shekaru. Wannan karon bai shiga daji ba, ya riga ya san maganinsa. Ya zauna yana karantarwa yana rubutu.

Da mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, Bello ya kawo masa gudummawa, suka ci garin tare. A nan suka sadu suka sulhunta, Malam Abdullahi ya amince da shugabancin Bello. Daga nan ya sauke yawancin nauyin mulki, ya bar shi a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya komar da sauran kwanakinsa ga ilimi. Da ya ga babban tafsirinsa ya yi wa ƙananan almajirai nauyi, sai ya rubuta musu wani mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, a wajen 1822. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1829, kabarinsa yana can.

An buga Liya'ut Tawili a Alƙahira a 1961, an kuma buga Tazyinul Waraƙati tare da fassarar Turanci a Ibadan a 1963. Malamai suna karanta littattafansa a zauruka har yau. Da ya danne gajiyarsa ya bi runduna da rabin zuciya, watakila da ba a sami Liya'ul Hukkami ba. Marubuci, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin da ya wayi gari ya ji aikinsa ya fita masa a rai, yana da abin dubawa cikin wannan tarihi: gajiyar zuciya tana samun manya, faɗinta ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya ja da baya ya nemi inda ake bukatarsa yana iya komowa da ƙarfin da ya fi na da.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya kyauta makwancinsa.