Harold Gillies, Likitan Da Ya Gyara Fuskokin Sojoji

An haifi Harold Gillies a garin Dunedin na ƙasar New Zealand cikin shekarar 1882, ya koyi aikin likita a Ingila. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya ga sojojin da harsashi ya ragargaza wa hanci da muƙamuƙi, sai ya duƙufa kan gyaran fuska.

Cikin 1917 aka buɗe asibitin da ya nema a Sidcup, inda aka yi wa mutum fiye da 5,000 aiki. Babbar matsalarsa ita ce jini, domin fatar da aka yanko don faci takan ruɓe in jini bai kai mata ba. Sai ya riƙa barin bakinta manne da jiki, ya naɗe ta kamar bututu, sai ta kama a sabon wuri kana ya yanke.

Ya rasu cikin 1960. A yau likitoci kan duba fata da kyamara mai ganin zafin jiki. Inda jijiyar jini ta ɓullo ya fi ɗumi, watau tun kafin su sa wuƙa sun san fatar da za ta rayu.