Marigayi Alhaji Audu Bako, Gwamnan Jihar Kano Na Farko

An haifi Alhaji Audu Bako a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Lokacin da gwamnatin Yakubu Gowon ta ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai aka ɗora masa ragamar Jihar Kano, wadda a wancan zamani ta haɗa da ƙasar Jigawa ta yau.

Ya tarar da sha'anin talaka kusan duka yana hannun En'e: haraji da jangali, kotun alƙali, 'yan doka da gidan yari. Mutumin Darki ba ya ganin gwamnati sai ta fuskar dagaci da hakimi. A zamaninsa ne aka raba En'e da 'yan doka da gidajen yari, kotuna suka koma ƙarƙashin jiha, aka kuma kasa jihar zuwa yankunan mulki domin jami'an gwamnati su sa ido kan kuɗi da ayyukan ƙananan hukumomi. Aiki ne mai wuya, domin ya taɓa ikon masarautu, amma ya yi shi ba tare da ya zubar da darajar sarakuna ba. Cikin kwamishinoninsa akwai Alhaji Maitama Sule, wanda ya riƙe harkokin ƙananan hukumomi, da Alhaji Inuwa Dutse a aikin gona.

Sai dai abin da manoma suka fi tuna shi da shi ruwa ne. Ya gina madatsun Bagauda da Tiga, ta Tiga kuwa an kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura, shi ne kuma yake gangarowa ta kogin Wudil har da rani. Amfanin bai zo kyauta ba: an tashi ƙauyuka a wurin tafkin, fadamun Haɗeja da Nguru kuma suka rasa wani kaso na ambaliyar da suka dogara da ita.

Ya sauka daga mulki a Yulin 1975, bayan juyin mulkin da ya kawo Murtala Muhammed. Ya koma noma, ya rasu a 1980. Sakatariyar jiha da gidan namun daji na Kano suna ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa.