Gwamna Feliks Ebuwe, Farar Hula Mai Lambar Yaƙi

An haifi Feliks Ebuwe ranar 26 ga Disamba 1884 a Kayen, babban birnin Giyana ta Faransa, a Amurka ta Kudu. Baƙar fata ne, jikan bayi. Ya yi karatu a Bordo, ya wuce makarantar horon ma'aikatan mulkin mallaka da ke Paris, daga nan aka turo shi Afirka. Ya shafe shekara fiye da 20 a Ubangi-Shari, wadda ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a yau, yana koyon harsunan mutane da al'adunsu. A 1936 aka naɗa shi gwamnan Gwadalup, muƙamin da baƙar fata bai taɓa riƙewa ba a ƙarƙashin Faransa. A farkon 1939 ya isa Forlami, wato Injamena ta yanzu, a matsayin gwamnan Cadi.

Da Jamus ta karya Faransa a 1940, gwamnonin ƙasashen mallaka suka shiga tsaka mai wuya: ko su bi gwamnatin Vishi da ta miƙa wuya, ko su amsa kiran Janar Dagol daga Landan, wanda a lokacin ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Yawancinsu suka bi Vishi. Nijar ma, da ke ƙarƙashin Dakar, a can ta zauna har ƙarshen 1942. Ebuwe kuwa, ranar 26 ga Agusta 1940, ya shelanta cewa Cadi ta koma bayan Dagol, alhali ƴaƴansa suna can Faransa inda hannun abokan gaba ke iya kaiwa gare su. Vishi ta tuɓe shi, ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Cikin kwana 2 Kamaru da Kwango suka bi sawu. Ta haka iyakar Nijar da Cadi ta zama iyaka tsakanin Faransa biyu masu gaba da juna.

Bai ɗauki bindiga ba, amma daga ƙasar da ya buɗe ne rundunar Laklar ta hau hamada ta ci Kufra a 1941, ta Forlami kuma jiragen yaƙin Ingila da suka taso daga Takoradi, suka biyo Kano da Maiduguri, suke wucewa zuwa Masar. A Nuwamba 1940 Dagol ya ɗaga shi zuwa babban gwamna a Barazabil. A wannan birni, ranar 16 ga watan, aka kafa lambar girma ta Ƴantar da Faransa, mai ƙyalle kore da baƙi, koren na fata, baƙin na makoki, wadda ake ba soja da farar hula. Ebuwe yana cikin mutum 5 na farko da aka ba ita, ranar 29 ga Janairu 1941. Duka-duka mutum 1,038 suka same ta.

Abin da ya fi shafar sarakuna shi ne takardar umarnin da ya fitar ranar 8 ga Nuwamba 1941. A cikinta ya nuna cewa sarki ba ma'aikacin gwamnati ba ne da za a naɗa yau a tuɓe gobe. Daga al'adar mutanensa ikonsa ya fito, saboda haka wajibi ne a nemo wanda ya gada, a girmama shi, a yi mulki ta hannunsa. Samun irin wannan magana daga bakin babban gwamna ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da kwamandan ke iya wulaƙanta basarake a gaban talakawansa. Sai dai lambar da aka rataya wa mutum ɗaya, jama'a da yawa ne suka biya kuɗinta. A ƙarƙashin mulkinsa aikin tilas bai tsaya ba, ya ma ƙaru: ana tara roba a kurmi, ana haƙar zinariya, ana fasa hanyoyin motocin yaƙi, kuma sau da yawa sarakunan da aka girmama ɗin su ake ɗora wa nauyin kawo mutane.

Ya halarci taron Barazabil a farkon 1944, jikinsa duk ya gaji, kunnensa ya yi nauyi. Ya tafi Masar don hutawa, ya rasu a Alƙahira ranar 17 ga Mayu 1944, bai ga ƴantar da Paris ba. Ranar 20 ga Mayu 1949 aka mai da gawarsa Pantewon, hubbaren manyan Faransa, shi ne baƙar fata na farko da aka kwantar a wurin.